Zuwa ga shugabannin direbobi na Jos: minsharin nan ba ƙoshin barci ba ne

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe iyayenmu, ciyamomi da sakatarori da dattawan tashoshin mota na garin Jos, na NURTW da na RTEAN da masu manyan motoci, Musulminku da Kiristanku, ina gaisuwa, Allah ya kiyaye hanya ya sa a riƙa sauke lodi lafiya.

Ni matar ɗanku ce. Maigidana direba ne, shekara 19 kenan yana riƙe da sitiyari, ya yi layin Bauchi ya yi na Kano, yanzu Jos zuwa Abuja yake yi, kuma kullum ta Allah sai ya yanki tikitinku. Ba zan faɗi tasharsa ba balle sunansa, in kun karanta har ƙasa za ku gane dalili. Da izininsa nake rubutun nan, shi ya ce in faɗi komai kar in rage. Na san ba a saba mace ta tsoma baki a harkar tasha ba, ku yi haƙuri da ni, abun da zan faɗa mu mata ne muke ganinsa, ku lokacin da yake faruwa barci kuke yi.

Maganar minshari ce. A tasha na san abun tsokana ne, a ce wane in ya miƙe a benci sai ka ce tirela ce ta ɗauko siminti, wasu ma su ce alamar ƙoshi ce ko gajiyar mai nema. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru. Tun ina amarya yake yi, na saba, har in ya kwana a hanya ɗakin ya yi min shiru da yawa. Amma da jiki ya ƙaru, tumbi ya fito, wuya ya cika har maɓallin kaftani ya daina shiga, sai minsharin ya canza. Zai ja, ya ja, sai ɗif. Ƙirjinsa na motsi, cikinsa na ɗagawa yana faɗawa kamar mai kokawa da wani abu, amma in na kai bayan hannuna kusa da hancinsa babu iska ko kaɗan. Na fara ƙirgawa a zuci, wani lokaci in kai ashirin, akwai daren da na wuce arba'in ina salati hannuna na rawa, sannan ya fizgo numfashi da wata irin ƙara kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya gyara kwanciya ya ci gaba da barcinsa. Ba a minti biyu a sake. Haka har kiran assalatu. Da safe in na faɗa masa sai ya ce ke dai kin cika tsoro, ni barcina na yi lafiya lau. Kuma iya gaskiyarsa kenan, bai san yana yi ba.

Na kai maganar wajen Hajiya surukata, ta ce ai gadon gida ne, mahaifinsu ma haka yake har maƙwabta na ji. Sai daga baya abun ya dawo min, mahaifin nasu fa lafiya ƙalau ya kwanta bayan isha'i, aka je tashinsa da asuba aka tarar rai ya yi halinsa, ko sittin bai cika ba. Kwana ne ya ƙare, Allah ya jiƙansa, amma tun ranar da na haɗa biyun nan a raina ban sake barci mai daɗi ba. Wata ta ce dannau ne a yi hayaƙi, wani abokinsa ya ce beli ne a kai shi wajen wanzami a yanke. Addu'a mun yi kuma muna kan yi, amma belin nan na tsaya kai da fata na ce ba za a taɓa ba, kuma alhamdulillahi ya ji maganata.

Shekara 6 yana shan maganin hawan jini. An fara da ƙwaya ɗaya, aka ƙara ta biyu, aka ƙara ta uku har da mai sa fitsari, amma duk ranar awo sai a ga 170 bisa 110 ko kusa da haka, kuma duk inda muka je magana ɗaya ce, Alhaji ba ka shan magani, Alhaji ka rage gishiri da magi. Ni nake ɓallo maganin in sa masa a tafin hannu, ni nake girkin, gishiri kuwa na rage har yara sun fara ture miya. Dare ɗaya ya tashi fitsari sau huɗu, muka ce ko suga ce, aka gwada babu. Ya tashi da ciwon kai da busasshen baki, ga mantuwa, ga saurin fushi, mutumin da ada yara ke rige-rigen taro shi a ƙofa sai ya zama in sun ji horn ɗinsa kowa ya nemi lungu. Barci kuwa ko'ina, a masallacin Juma'a liman na huɗuba, a gaban talabijin, a mota yana jiran layinsa ya zo, wallahi har da loma a hannu na taɓa ganinsa. Goro da neskafe da lemon nan na ƙara kuzari su ne abokan tafiyarsa, ya sha biyu kafin Akwanga ya ƙara ɗaya a Keffi, zuciyar da dama a wahale take ana ƙara mata bulala.

Akwai abun da ya ɓoye min kusan shekara guda. Wata rana da hantsi yana gangarowa Hawan Kibo da fasinja cike, ya ce shi dai ya san ya ga wata tanka a gabansa da nisa, abu na gaba da ya ji shi ne ihun mutumin gidan gaba, tayoyinsa biyu sun bar kwalta. Allah ya tsare ya dawo da motar. Ya ce musu rami ya kauce wa. Kun fi ni sanin wajen nan da rayukan da ya ci. Da na tambaye shi me ya sa bai faɗa wa kowa ba, ko ni, sai ya ce in mai mota ya ji zai karɓe makulli, in 'yan tasha suka ji sunansa ya zama mai gyangyaɗi, wa zai ƙara ba shi mota, da me zai ciyar da mu. Wannan amsar tasa ita ce ta sa na zauna rubuta muku, ba likitoci ba, ba gwamnati ba, ku.

Bayan ƙaramar sallah ta bara ne abun ya fito fili. Ya dawo daga Abuja yana haki, ya ce zuciyarsa na dukan uku-uku kamar an sa tsuntsu a keji, ƙafafunsa sun kumbura takalmi ya ƙi fita. Muka kwana asibiti, aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka ce bugun zuciyar ya rikice, ba ya tafiya a jere, kuma irin wannan rikicewar tana iya sa jini ya daskare a cikin zuciya ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Aka yi hoton zuciya aka ce naman ta ya yi kauri saboda daɗewa tana turin jini da ƙarfi. Washegari wani likita matashi ya zo zagaye, ya duba katin, ya kalli wuyan maigida, sai ya juyo wajena ya ce Hajiya, yana minshari? Kin taɓa ganin numfashinsa ya ɗauke yana barci? Shekara 6 muna yawon asibiti ba wanda ya taɓa yi min tambayar nan. Na ciro waya, dama na ɗauki muryarsa wani dare don in nuna masa ya ƙi saurara, na kunna. Ɗakin ya yi tsit. Inda shirun nan ya zo likitan ya riƙa kallon agogon hannunsa, shi kuma maigida ya sunkuyar da kai, ranar ya fara jin kansa da kunnensa.

Abuja aka tura mu gwajin barci. An ɗaura masa bel a ƙirji, siririn tiyo a hanci, wani ɗan abu a yatsa mai auna iskar oksijin ta cikin jini, ya kwana da su. Sakamakon ya nuna numfashinsa na tsayawa ko ya ragu sosai sama da sau 40 a kowace awa. A awa fa, ba a dare ba. Likitan ya ce abun da suke ƙirgawa shi ne tsayawar da ta kai daƙiƙa 10 ko fiye, daga 5 zuwa 14 a awa ƙarami ne, 15 zuwa 29 matsakaici, daga 30 abun ya yi tsanani. Oksijin ɗin da ya kamata ya zauna a kashi 95 cikin ɗari zuwa sama, nasa yana gangarowa har saba'in da wani abu. Sunan ciwon a bakinsu silif afniya, mu dai a gida ɗaukewar numfashi a barci muke cewa.

Bari in faɗa muku yadda aka yi min bayani, don ku masu mota za ku fi ni saurin ganewa. In mutum ya yi barci naman maƙogwaro da harshe suna saki. Ga mai ƙiba ko mai kaurin wuya ko wanda haɓarsa ta shige ciki, sai hanyar iskar ta rufe ruf kamar an taka tiyo. Huhu na ja babu abun da ke shiga, oksijin na sauka, sai ƙwaƙwalwa ta firgita ta watsa sinadarin nan da ke fita in mutum ya tsorata, zuciya ta zabura, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau, mutum ya ɗan farka na ƙiftawar ido ya buɗe maƙogwaro ya koma, bai ma sani ba. Ku lissafa sau 40 a awa, awa shida, shekara goma. Mai lafiya in ya kwanta jininsa sauka yake yi zuciya ta huta, shi wannan dare ne lokacin da zuciyarsa ta fi shan wahala, kamar a faka mota a bar ta a kunne wani na taka totur yana saki har gari ya waye, da safe kuma a ɗora mata lodi a ce Abuja. Har yawan fitsarin daren ma daga nan yake, zuciya in ta matsu tana sakin wani sinadari da ke sa ƙoda ta zubar da ruwa. Shi ya sa ake alaƙanta ciwon da hawan jini mai taurin kai, da rikicewar bugun zuciya, da gazawar zuciya, da shanyewar ɓarin jiki.

Kuma ba ciwon Turawa ba ne. Ƙanina da ke karatun jinya shi ya riƙa nemo min bayanai yana karanta min. Wani lissafi da mujallar likitoci ta Lancet ta ɓangaren huhu ta buga a 2019 ya ce kusan mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ne ke da shi a duniya, miliyan 425 nasu ya kai matsakaici ko mai tsanani, kuma Najeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu shi. A 2021 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fitar da matsaya cewa duk wanda hawan jininsa ya ƙi jin magani, ko bugun zuciyarsa ke ta rikicewa bayan an gyara, a bincike shi ko yana da wannan ciwo. A nan gida kuwa kusan mutum ɗaya cikin manya uku na da hawan jini. Yanzu ku kalli tasha da kyau, maza ne, yawanci sun haura arba'in, zama wuni guda a kujera, tuwo da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, shayi mai kauri da suga cokali huɗu, wasu da taba. Ai kamar an zana hoton wanda ciwon ke nema ne. Sannan bincike da yawa sun nuna mai wannan ciwo da ba a yi masa magani ba ya ninka sauran direbobi haɗarin yin hatsari sau biyu ko fiye.

Maganin da aka ba shi wata 'yar na'ura ce, sifaf suke ce mata, ba ta kai girman rediyo ba, da tiyo da abun rufe hanci. Ba oksijin take bayarwa ba, iskar ɗaki ce take turawa a hankali don maƙogwaron ya zauna a buɗe. Wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya ƙirƙiro ta a birnin Sidni ya bayyana wa duniya a 1981, kun ga ta girmi wasu direbobinku amma mu sai bara muka ji sunanta.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na'urar nan laya ce ba, don na ga masu talla a intanet suna cewa tana warkar da ciwon zuciya, ba haka likitanmu ya faɗa ba. Ya ce abun da babu tantama a kai, tana kashe minshari, tana hana ɗaukewar numfashi, tana kore gyangyaɗin rana, tana rage haɗarin hatsari, tana kuma ɗan sauke hawan jini, kaɗan ne ga yawancin mutane, ya fi tasiri ga irin maigida masu shan ƙwaya uku jini ya ƙi sauka. Maganar hana ciwon zuciya da shanyewar jiki kuwa akwai ja-in-ja. An yi wani babban gwaji mai suna SAVE da aka buga a 2016, mutum 2,717 masu ɗaukewar numfashi a barci waɗanda kuma ke da ciwon zuciya ko na jijiyoyin ƙwaƙwalwa, rabi aka ba su na'urar rabi ba a ba su ba, da aka zo lissafi babu wani bambanci a yawan waɗanda ciwon ya sake kayarwa. Amma fa in aka raba, awa 3 da 'yan mintoci kawai suke sawa a dare, sauran daren maƙogwaro na rufewa yadda ya saba, kuma masu tsananin gyangyaɗi irin namu ba a ma saka su a gwajin ba. A 2023 aka haɗa sakamakon gwaje-gwaje uku na mutum sama da 4,000 aka ga waɗanda ke sawa awa 4 zuwa sama kowane dare haɗarin nasu ya yi ƙasa da kusan kashi 30 cikin ɗari. Abun da ni na fahimta, na'urar da ke cikin kwali a ƙarƙashin gado ba ta tsare zuciyar kowa, kuma ko ana sawa ba a ajiye maganin hawan jini, tare suke tafiya.

Sawar kuma ita ce aikin. Satin farko cikin dare zai fizge ya yar, ya ce shaƙe shi take yi, ya ce shi ba majinyaci ba ne da za a ɗaura masa takunkumi a gaban iyali. Na yi lallashi na yi kuka. Aka canza masa abun hancin zuwa ƙarami, ya riƙa sawa da yamma yana jin labarai don ya saba. Hunturu ya zo, kun san sanyin Jos da bushewar iska, hanci ya riƙa tsagewa, sai da muka koyi zuba ruwa mai tsabta a ɗan tankin da ke jiƙa iskar, na ɗinka wa tiyon riga da tsohon zani don kar raɓa ta taru a ciki. Ga wuta, a ɗauke ƙarfe ɗaya na dare na'ura ta tsaya. Na sayar da 'yan kunnena da awarwaro, ya karɓi adashinsa, wansa ya cika, da haka muka sayi na'urar da batir da faifan sola ɗaya. Kuɗin ya kusa na sauke injin a sa wani. Mu Allah ya rufa mana asiri muna da abun sayarwa, na san da yawa a cikin 'ya'yanku ba su da shi.

Amma ranar da ya fara kwana da ita har asuba ba zan manta ba. Na farka wajen ƙarfe uku na ji shiru, gabana ya faɗi, na haska waya, sai na gan shi kwance ƙirji na hawa da sauka a hankali kamar na jariri, ba abun da ake ji sai ɗan hucin na'urar. Na zauna bakin gado na yi ta hawaye. Da safe ya ce min ashe haka mutane ke ji in sun tashi. Yanzu fitsarin dare sau ɗaya ne ko babu, ciwon kan safe ya tafi, awonsa na zama wajen 135 bisa 85 da magungunansa, ya rage kilo 9 don mun dawo da tuwon dare kafin magariba in yana gida kuma yana taka ƙafa bayan asuba. Likita ya ce wanda ya rage kashi goma cikin ɗari na nauyinsa, ɗaukewar numfashin na iya raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ya kuma ce a guji rigingine don a nan harshe ya fi faɗawa baya, na ce ashe kwanciya a gefen dama da Annabi (SAW) ya koyar akwai wannan ma a ciki. Kafin mu samu na'urar har aljihu na ɗinka a bayan rigar barcinsa na sa ƙwallon goruba, in ya juya rigingine ta tokare shi ya koma gefe. Ga wanda nasa bai yi tsanani ba, irin wannan da rage ƙiba da barin taba da barasa na iya yin nisa da shi, akwai kuma wani abu da likitan haƙori ke yi a sa a baki ya turo haɓa gaba. Likita ne zai faɗi wanda ya dace da wa, bayan gwaji.

To iyayenmu, ga abun da ya kawo ni. Roƙona na farko kuma mafi girma, ku cire wa direbobi tsoron faɗa. Ku tsaya a taro da bakinku ku ce duk wanda ya fito ya ce yana gyangyaɗi a sitiyari ko matarsa ta ce numfashinsa na ɗaukewa, layinsa na nan, ba za a cire sunansa ba, ba za a mai da shi abun dariya ba, kuma ku za ku yi wa mai motarsa magana a ba shi sati biyu ko uku ya je a duba shi ya dawo. Muddin faɗar gaskiya na nufin rasa makulli ba wanda zai faɗa, za su ci gaba da tauna goro suna gangara Hawan Kibo da 'ya'yan mutane. A ƙasashen Tarayyar Turai tun 2014 suka sa ciwon nan a dokar lasin, kuma ba korar direba dokar ta ce a yi ba, cewa ta yi in yana magani kuma likita ya tabbatar abun ya lafa ya ci gaba da tuƙinsa, direban haya a riƙa duba shi duk shekara. Direban da aka yi wa magani ya fi wanda ke ɓoyewa aminci nesa ba kusa ba, maigidana shaida ne, yanzu ko lemon kuzarin ba ya saye.

Tantancewar farko kuma ba ta buƙatar wani kuɗi. Akwai tambayoyi takwas da wasu likitoci a Toronto ta Kanada suka tsara a 2008, ana ce musu STOP-BANG, ko yana minshari mai ƙarfi, ko yana fama da gajiya da barcin rana, ko wani ya taɓa ganin numfashinsa ya tsaya, ko yana da hawan jini, ko ƙibarsa ta yi yawa, ko ya haura 50, ko kaurin wuyansa ya kai santimita 40, ko namiji ne. Wanda ya amsa e a uku ya kamata a ƙara dubawa, wanda ya kai biyar haɗarinsa babba ne. Tef ɗin tela da sikeli da na'urar awon jini, shikenan kayan aikin, duk ofishin tasha zai iya ajiye su. Ga asibitin koyarwa na JUTH a Lamingo, ga asibitin Plateau Specialist, ga na Jankwano, likitoci da ɗalibai cike, in kuka rubuta takarda da hatiminku kuka gayyace su rana ɗaya a tasha ban ga abun da zai hana su zuwa ba. 'Yan Rod Sefti ma duk ƙarshen shekara suna zuwa muku wayar da kai kan gudu da taya da lodin wuce kima, ku ce a ƙara wannan a ciki. Kuma dan Allah tambaya ta uku kar a yi wa direba, a ba shi takardar ya kai gida, ko a kira matar a waya, ko a tambayi yaron motarsa da suke kwana tare. Shi bai sani ba.

Sai maganar kuɗi. Kuna da asusun taimakon juna, na sani don an kawo mana gudummawa lokacin da muke asibiti, Allah ya saka da alheri. In direba ya rasu kuna haɗa kuɗi a kai wa iyalinsa, ina roƙon a buɗe wata ƙofa ta rance tun yana raye, a saya masa na'ura ya riƙa biya a hankali a kan tikiti. Kuma muryarku ta fi tamu kaiwa sama, lokacin zaɓe kowa tasharku yake fara zuwa. Tun 2022 dokar NHIA ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan Najeriya, a jiha kuma ga hukumar inshorar lafiya ta Filato, PLASCHEMA, ku shigar da 'ya'yanku a ƙungiyance, ku zauna da su ku nemi gwajin barci da na'urar nan su shiga cikin abun da inshora ke ɗauka, ku nemi a samar da gwajin a asibitocin gwamnati a nan Jos a farashin da talaka zai iya, kar sai mutum ya ci kuɗin mota da na masauki kamar yadda muka yi.

Akwai ƙananan abubuwa ma da ke hannunku kai tsaye. In maigida ya kwana Abuja da na'urarsa yake tafiya a jaka, amma sau da yawa ba inda zai jona, sai ya kwana a kujerar mota babu ita, washegari ya kamo hanya da tsohon ciwonsa. Ɗaki ɗaya mai tabarma da soket da ɗan sola a tasha, a nan da can, ku yi magana da takwarorinku. Sannan masu yawo da ƙwayoyi a faranti, wasu direbobin in sun sha na hana barci da rana sai su nemi na sa barci da dare, baliyam ko maganin tari mai kodin, ga tiramol, likita ya ja mana kunne sosai cewa irin waɗannan suna ƙara sakin maƙogwaro ko su danne numfashi, su hana ƙwaƙwalwa farkar da mutum lokacin da ya shaƙe. Ga mai wannan ciwo ƙwayar barci na iya zama ajali. Kuna da ikon cewa ba a tasharku ba.

Na san a cikinku ku kanku shugabanni akwai wanda yana karanta wannan yana tuna maganar da Hajiyarsa ta sha faɗa masa da safe yana cewa ta cika tsoro. Ranka ya daɗe a daure a tambaye ta yau, a ba ta waya ta ɗauka, a saurara.

Maigida ya ce in faɗa muku, ranar da ciyaman ya miƙe a taro ya yi alkawarin nan na cewa ba wanda zai rasa layinsa, shi zai fara tashi. Zai zo da na'urar a jakarta ya sa a fuskarsa a gaban kowa, zai kunna muryar nan da na ɗauka, ya kuma faɗi abun da ya faru a Hawan Kibo da bakinsa. Jakar na nan rataye a bayan ƙofa, muna sauraronku.

Wassalam.
'Yarku, matar direba, daga Jos.